Ɗaukar hoton mutanen unguwarku: amsa ga wani matashi daga Garwa

Wani matashi daga unguwar Hausare a Garwa, arewacin Kamaru, ya aiko da tambaya. Ya ce ya samu waya mai kyamara mai kyau, yana kuma sha'awar ya riƙa ɗaukar hoton unguwarsu da mutanenta yadda suke zaman yau da kullum. Sai dai abubuwa sun tsaya masa. Da ya ɗaga waya sai mutane su ƙame, wasu kuma su haɗe rai su ce zai kai su Facebook ko ya sayar wa Turawa. Ɗan abin da ya samu ya ɗauka kuwa, fuska takan fito baƙi ƙirin, farar riga ta ƙone fat. Ga abokansa suna ce masa me ake ɗauka a lungun da ba komai sai kwata da awaki.

Ƙanena, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Tun zamanin fim da ɗakin duhu nake wannan sana'a, kuma abin da kake son yi shi ne abin da na fi jin takaicin ƙarancinsa a wajenmu. Bari in fara da maganar abokanka, don in ba a kawar da ita ba sauran ba za su yi amfani ba.

Hoton hawan Sallah ba zai taɓa yankewa ba. Duk shekara in Lamiɗo ya fito, wayoyi sun fi dawaki yawa. Hoton ango da amarya ma haka. Abin da ke ɓacewa shi ne wanda kowa ya raina: wanzami da zabirarsa a gindin darbejiya, mai shayi yana jera kofuna da asuba, mahauci yana kaɗa ƙuda, tela da tsohon kekensa na ƙafa, yara da alluna a zauren malam. Akwai lokacin da jiragen ruwa ke haurowa Binuwai daga Najeriya da damina har tashar Garwa, su sauke kaya su ɗauki auduga da gyaɗa. Yau wannan ya zama labari. Je ka tambayi dattawan unguwarku ko akwai mai hoton mahaifinsa yana dako a wannan tasha. Da wuya ka samu, alhali mutane da yawa sun ci abinci a wurin. Kai kanka ka ga yadda gefen Roumdé Adjia ya sauya kama da aka gyara filin wasa don gasar cin kofin Afirka ta farkon 2022. Wa ya riƙe hoton yadda wurin yake kafin nan?

Manyan masu hoton Afirka da duniya ke girmamawa yau, maƙwabtansu suka ɗauka. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, mutanen gari ne ke zuwa su zauna gaban zanen da ya rataya. Malick Sidibé kan bi samarin Bamako wuraren rawa da dare, ya dawo ya wanke hotunan, su zo su zaɓa su saya. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venis. Mu ma a nan Kamaru muna da namu: Jacques Toussele a Mbouda, Joseph Chila a Mayo Darlé, Samuel Finlak a ƙauyen Atta, biyun ƙarshen nan a jihar Adamawa. Yawancin cinikinsu hoton katin ɗan ƙasa ne da na iyali, amma a 2005 aka baje hotunan Chila da Finlak a Landan. Ba wanda ya yi tafiya mai nisa cikinsu don neman abin ɗauka. Abin da suke da shi kawai shi ne mutane sun san su, kuma sun daɗe a wuri guda.

Nan ne ka fi kowane baƙo. Ɗan yawon buɗe ido ya zo Pitoa ranar Lahadi, ya yi ta ƙyasta kyamara cikin kasuwa, ya hau mota ya tafi, ba zai sake ganin kowa ba. Kai kuwa wanda ka ɗauka yau, gobe sahu ɗaya za ku tsaya a masallaci. Wannan nauyi ne, amma shi ne jarinka. Kana iya komawa wajen mutum ɗaya da rani, da damina, da hunturu, har ya daina ganin wayar a hannunka. Saboda haka kada ka ɗauki neman yarda a matsayin wani shinge da ake tsallakewa kafin a fara aiki. Shi ne rabin aikin.

Ka fara daga gida. Mahaifinka, kakarka, ƙannenka, mai shagon da kuke sayen sukari a wajensa tun kana yaro. Daga nan ka je ka gai da jauro ko mai unguwa, da limamin masallacinku, ka gaya musu abin da kake nufi da bakinka: kana so ka tara hotunan unguwa da masu sana'arta don 'yan baya. Ba takarda za su ba ka ba, amma ranar da wani ya tashi da faɗa, akwai babba da zai ce ya san da maganar. In za ka je wajen mai sana'a, ranar farko wayar ta zauna a aljihu. Ka yi sallama, ka gaisa, ka zauna, ka tambaye shi wa ya koya masa aikin. In Bafulatani ne ko Babarbare, ka gaishe shi da Fulatanci kamar yadda aka saba a gari, hakan na buɗe ƙofa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, to hoton unguwa ma haka.

Akwai izini iri biyu, kuma gauraya su ne ke jawo yawancin rigima. Izinin ɗauka daban, izinin yaɗawa daban. Wanda ya ce "ɗauka mana" bai ce ka sa shi a Facebook ko TikTok ba. Ka nuna masa hoton, ka faɗa masa inda kake so ka sa shi, ka jira amsarsa. In ya ce a'a, hoton ya zauna a ajiya. In ya ce ka goge, ka goge a gabansa, har daga kwandon da waya ke ɓoye abin da aka goge. Na san akwai zafi ka goge hoton da ya yi kyau, amma labarin cewa wane yana cika alkawari zai riga ka isa lungun gaba. Tsoron da mutane ke ji ba na banza ba ne: sun ga yadda ake ɗaukar hoton bawan Allah a ɗora masa maganar da bai yi ba, a yi ta dariya. Dokar Kamaru ta Disamba 2010 kan laifukan intanet ma ta tanadi hukunci ga wanda ya naɗi ko ya yaɗa abin da ya shafi sirrin wani ba da yardarsa ba. Akwai kuma waɗanda ke ƙin hoto saboda addini. Malamai sun saɓa kan hukuncin hoton kyamara, kuma ba aikinka ba ne ka tsaya jayayya da dattijo a kan haka. Ka ce masa madalla, ka ci gaba da gaishe shi kamar da.

Ban yarda da satar hoto a unguwa ba, wato ka yi kamar kana amsa waya alhali kana ɗauka. Wasu na koyar da haka a manyan biranen Turai inda ba wanda ya san wani. A Hausare ranar da aka kama ka sau ɗaya, ka gama.

Batun mata yana bukatar natsuwa. Rabin rayuwar unguwa cikin gida take: daka, tankaɗe, suyar ƙosai, kitso, lalle, saƙar hula, adashi. Kai namiji ba ka da hurumin shiga gidan da aka rubuta "ba shiga", kuma ko a titi bai dace ka ɗaga waya kan matar wani ko 'yar wani ba. Amma in aka bar wannan rabin, tarihin da za ka tara gurgu ne. Shawarata ita ce ka koya wa ƙanwarka ko yayarka abin da ka iya, ta ɗauka a cikin gida da yardar matan da ta masu gidan, da sharaɗin hotunan na gidan ne, ba na intanet ba. Sau da yawa ma ba sai an nuna fuska ba. Hannu cikin ƙullu, ƙafa da lalle, tabarya a sama, duk suna ba da labari. Wani mai hoto a Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, ya shafe shekaru tun daga 1968 yana ɗaukar kitson mata, galibi daga baya, kuma aikin nan ya zagaya duniya.

Yara kuwa su ne za su fi kowa rububin shiga hoto, amma yardar yaro ba yarda ba ce, ta iyayensa ake nema. Almajirai sai da sanin malaminsu. Ina roƙonka kada ka ɗauki yaro yana bara, ko mai taɓin hankali, ko wanda ya yi haɗari, ko gawa. Irin waɗannan hotuna su suka fi saurin yaɗuwa, shi ya sa suke ruɗin masu farawa, amma mutuncin maƙwabcinka ne kake sayarwa. Talauci yana nan a unguwa, ba na cewa a ɓoye shi. Sai dai ka tambayi kanka: in mutumin nan ya ga hoton a bango, zai tsaya kusa da shi ya ce ni ne?

Ka kiyayi kuma wuraren tsaro. Barikin soja, filin jirgin sama, ofishin jandarma da na 'yan sanda, shingen bincike, gadar Binuwai, duk ka kau da waya. Tun da rikicin Boko Haram ya shigo jihar Arewa Mai Nisa, musamman bayan hare-haren Marwa na Yulin 2015, wanda aka gani yana ɗaukar kasuwa ko tasha ba a san shi ba, ana iya tsare shi a yi masa tambayoyi. Katinka na ɗan ƙasa ya kasance a jikinka.

Yanzu ƙamewar da ka ce mutane na yi. Kada ka yaƙe ta. Mutum yana da haƙƙin ya gyara hularsa, ya miƙe, ya fito yadda yake so a gan shi. Ka ba shi wannan hoton tukuna, ka nuna masa, ya ji daɗi. Sannan kada ka tafi. Ka ce, "Baba, ci gaba da aikinka, ina nan zaune." Minti goma, ashirin, mai saye zai zo, ciniki zai kaure, ya manta da kai. Hoton da kake nema yana cikin wannan lokacin. Ka riƙe wayar a shirye daidai ƙirji, don ɗaga ta farat ɗaya ne ke sa a waiwayo. Ka ɗauka da yawa a jere, domin ƙiftawar ido da motsin baki kan ɓata mafi yawa. Kuma kada ka raina hoton da aka shirya aka tsaya. Na Keïta duk shiryayyu ne. Irin tsayuwar da mutum ya zaɓa wa kansa ita ma gaskiya ce game da shi.

Matsalar baƙar fuska da ƙonanniyar riga kuwa ta haske ce, ba laifin wayarka ba. Garwa tana wajen daraja 9 arewa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana haske daga bisa kai yake saukowa, a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta ma rana kan tsaya cak a tsakar ka. Goshi da hula su sha haske, idanu su faɗa rami. Kyamara kuma ba ta iya ɗaukar tazara tsakanin wuri mai tsananin haske da mai duhu kamar yadda idon mutum ke yi. Tana auna hasken wurin gaba ɗaya ta ɗauki matsakaici. In farar shadda da farin bango suka cika hoton, sai ta rage haske don kada su ƙone, fuska ta tafi duhu. In ta bi fuskar, rigar ta ƙone. Maganin farko shi ne lokaci: daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe takwas da rabi, sannan daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. A lokutan nan haske ta gefe yake zuwa, yana fito da tsarin fuska da zanen bangon ƙasa.

In dole da rana tsaka ne, to ka nemi inuwa cikakkiya. Bakin zaure shi ne wurin da na fi so a duk garin nan: mutum ya zauna taku ɗaya ko biyu daga ƙofa yana fuskantar waje, kai kana waje ko a gefe. Hasken da ƙasa ta mayar zai shiga fuskarsa a hankali, bayansa kuma duhu, sai ya fito sarai. Bakin rumfa ma haka. Amma ka lura da abu biyu. Inuwar darbejiya tana da huji-huji, takan yi wa fuska dabbare-dabbare, sai ka matsar da mutum inda inuwar ta yi kauri. Rumfar da aka rufe da shuɗiyar leda ko jan tamfol kuma takan rina fatar mutum da launinta. Sannan kada bayan mutum ya fi fuskarsa haske, sai in da gangan kake son surarsa kawai.

A jikin wayar, ka taɓa fuskar mutumin a allo kafin ka ɗauka. Hakan na gaya wa kyamara nan ne za ta daidaita gani da awon haske. A yawancin wayoyi wata alamar rana kan fito a gefe, ka ja ta sama ko ƙasa har fuskar ta yi daidai, in ka danne yatsa kaɗan kuma awon zai kulle. Ka kunna HDR, wato tsarin da ke daidaita wuri mai haske da mai duhu a hoto ɗaya, in akwai fari da duhu tare. Abin da nake so ka kashe yau ɗin nan shi ne gyaran fuskar da waya ke yi da kanta, wanda ke goge tabo ya ƙara wa fata fari. Yana share zanen fuska, da tsagar gado, da tamojin tsufa, waɗanda su ne mutumin. Baƙar fata in ta samu haske mai laushi ba ta bukatar gyara.

Kada ka zuƙo da yatsu biyu. In wayar ba ta da idon nesa na musamman, yanke hoton kawai take yi ta buɗa shi, sai ya dushe. Ka matsa da ƙafarka. Amma kada ka kai wayar dab da fuska, don idon waya mai faɗi ne, yana kumbura hanci ya ƙanƙance kunnuwa. Taku biyu baya ya isa. Mai sana'a da ke zaune a tabarma, ka durƙusa daidai shi. Ɗauka daga sama na ƙasƙantar da mutum, ban da cewa tsayuwa a kan dattijo rashin ladabi ne. In wayarka na barin ka saita saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗewa, kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa yana tsayar da mai tafiya, yara masu ƙwallo kuwa sai kashi ɗaya cikin 500. Da dare ka bar filasha a kashe, ka yi amfani da fitilar mai shayi ko wutar mai tsire, ka jingina gwiwar hannu da bango, ka jira mutum ya natsu.

Hunturu yana da nasa hali. Hazo kan tace rana har tsakar rana ta yi laushi, ka samu sa'o'in aiki fiye da na bazara, sai dai launi kan koɗe, nesa kuma ba ta fitowa. Ƙura ce abokiyar gaba: ka hure gilashin kyamara kafin ka goge shi da ƙyalle mai taushi, in ba haka ba yashi zai karce shi. A Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafi ke haura daraja 40, waya kan yi zafi ta ƙi ɗauka, kada ka bar ta a rana. Bayan an ɗauke ruwa da damina kuwa, kada ka zauna a gida. Iska ta wanke, launi ya fito, kowa ya fito yana gyara ƙofar gida.

Wani abu da masu farawa ke yi shi ne gyara wuri kafin ɗauka: a kawar da bokiti, a ɓoye buhu, a nemi bango mai fenti. Ka bar su. Allon farashi a shago, takardar kuɗin sefa a hannun mai ciniki, fostar ɗan takara da ta fara yagewa, samfurin babur ɗin ɗan acaɓa, motar Sodecoton da ta wuce da auduga a baya, waɗannan su ne za su gaya wa mai kallo shekarar da aka ɗauki hoton. Abin da za ka duba kawai shi ne gefunan hoton, kada sanda ta tsiro daga kan mutum ko a yanke masa ƙafa a idon sawu. A kowane wuri ka yi ƙoƙarin samun na nesa da ke nuna lungun gaba ɗaya, da na mutumin da kayan aikinsa, da na hannunsa kurkusa.

Kuɗi fa? Ban ba ka shawarar biyan maƙwabci don ya tsaya ba, domin gobe kowa zai sa farashi, zumunci ya koma ciniki. Abin da ake biya da shi hoto ne. Ka tara mafi kyau, ka kai situdiyo a wanke maka a takarda mai santimita 10 da 15, ka kai wa kowa nasa hannu da hannu. Yawancin dattawanmu an sha ɗaukar su a waya, amma ba su taɓa riƙe hoton ba. Wanda ya ƙi a da, in ya ga na abokinsa a jikin bangon shago, shi da kansa zai aiko a kira ka. In kuwa wata rana wata jarida ko ƙungiya ta sayi hoton wani, ka koma ka gaya masa kafin ka amsa, kuma ka ba shi rabonsa.

Saura ajiya, wadda a nan ne aikin mutane da yawa ke mutuwa. Nagatif ɗin Toussele, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, sai da aka yi aikin ceto na musamman, da tallafin babban ɗakin karatun Birtaniya, aka kwafe dubbansu zuwa kwamfuta kafin su lalace. Waya ta fi nagatif saurin hallaka: sata, faɗuwa a ruwa, katin ajiya ya ƙi buɗewa. Kowane hoto mai muhimmanci ya zauna a wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a cikin wayar ba. In za ka tura ta WhatsApp don ajiya, ka tura shi a matsayin fayil, don turawar da aka saba tana matse hoto ta rage masa inganci. Ka kashe alamar wuri da kyamara ke liƙa wa hoto in za ka sa shi a intanet, kada ka nuna wa duniya ƙofar gidan wani.

Sannan ka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Duk ranar da ka ɗauka, ka rubuta kwanan wata, lungun, sunan mutumin da laƙabin da aka san shi da shi, sana'arsa, wanda ya koya masa, da irin izinin da ya ba ka. Ka rubuta haka nan a bayan wanda ka wanke. Mun gaji tarin tsofaffin hotuna a akwatunan iyayenmu da ba wanda ya san ko su wa ke ciki, don waɗanda suka sani sun riga mu gidan gaskiya. Saboda wannan dalilin ne ma zan ce ka fara da masu sana'a mafi tsufa a unguwarku, irin su maƙeri, baduku, wanzami da mai ɗinkin hula, kuma in sun yarda ka naɗi muryarsu suna bayanin aikin, ka rubuta lambar muryar kusa da ta hoton a littafin.